Kurakuran da sababbin ma'aikatan otel ke yi da farar giyar Bordo

Yawancin yaran da ake turo mini in horar a ɗakin cin abinci ba sa shan giya, ni kuwa ban taɓa cewa su sha ba. Amma duk wanda ya karɓi aikin kai kwalba teburin baƙo dole ya san abin da ke hannunsa. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaukar farar giyar Bordo, wato giyar inabi ta yankin Bordo a ƙasar Faransa, duk abu guda. Inabin da ake haɗawa kusan ɗaya ne: Sauvignon Blanc mai kawo ɗan tsami da ƙamshin lemo, Sémillon mai ƙara kauri, wani lokaci da ɗan Muscadelle. Ƙasar da aka shuka su ita ke raba su. Entre-Deux-Mers tana tsakanin kogin Garonne da na Dordogne, ƙasarta yumɓu ce da farin dutse, giyarta marar zaƙi ce mai sauƙi, a sha ta tun tana sabuwa. Pessac-Léognan, wadda aka ware mata suna a 1987, tana kudu da birnin Bordo kan tsakuwa da ba ta riƙe ruwa. Yawanci ana tsuma ta a gangar katako, tana kuma jure shekaru a kwalba.

To, Sauternes fa? Inabi ɗaya, ita ma giyar Bordo ce, amma zaƙi kamar zuma. Hazon da ke tasowa daga ƙaramin kogin Ciron lokacin kaka yana kawo wata fumfuna da ke motse 'ya'yan inabin har sukari ya taru. Wani yaro ya taɓa buɗe wa baƙi Sauternes alhali gasasshen kifi suka ce a kawo musu da fara marar zaƙi. Bai karanta takardar kwalbar ba, launi kawai ya gani. Baƙin suka kurɓa suka ture, kuɗin kwalaben kuma daga albashina aka cire, don ni ke da alhakin teburin. Haba ƙanena! Karatun layi biyu ne ya gagare ka? Tun daga ranar, ba mai taɓa abin buɗe kwalba sai ya karanta mini sunan yankin da babbar murya, ya kuma nuna wa baƙo takardar. In ka ga "sec", babu zaƙi. In ka ga "moelleux" ko Graves Supérieures, akwai.

Na biyu shi ne zafi. A nan Yamai wasu kan jibge katan a sito kusa da kicin, watan Afrilu ya dafa shi. In ka tsiyaya ka ga launin ya koma ruwan shayi, ƙamshin ya mutu, to ta lalace, kada ka kai wa kowa. Ni ɗaki mafi sanyi da duhu nake zaɓa, kwalabe a kwance, kuma ba na sayen Entre-Deux-Mers da yawa a lokaci guda.

Sanyin ma yana da iyaka. Entre-Deux-Mers digiri 8 zuwa 10 ya ishe ta, Pessac-Léognan kuwa ina barin ta ta kai 12, don tsananin sanyi na danne ƙamshinta. Kada ka jefa ƙanƙara a kofi sai baƙo ya nema. Kada ka cika kofin, kashi ɗaya cikin uku ya isa, kuma ka riƙe shi ta ƙafa don kada ɗumin hannunka ya shiga.