Ƙari a jijiyar kunne: kurakuran da masu jinya ke yawan yi

Wanda likita ya nuna wa hoton MRI ya ce masa akwai ƙari a jijiyar kunne, wanda ake kira akustik niyuroma, abin da yake fara yi shi ne ɗaukar waya cikin dare yana bincike har asuba. Ya ji "ƙari a kai" sai ya fara tunanin wasiyya, alhali wannan ba cutar daji ba ce, ba ya yaɗuwa a jiki, kuma a hankali yake girma, sau da yawa milimita 1 ko 2 a shekara, wani ma ya tsaya cak. Shi ya sa in ƙarami ne likita kan ce a jira ana sake hoto lokaci-lokaci, kar ka ɗauka sakaci ne.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne auna kai da labarin wani a guruf. Ka shiga guruf ɗin masu wannan lalura a Facebook ka ga wata ta ce ta koma aiki sati shida bayan an yi mata tiyatar cire ƙarin, kai kuma wata huɗu kenan jiri bai sake ka ba, sai ka fara ganin an ɓata maka aiki. To girman ƙarin nata nawa ne, naka nawa? Ta wace hanya aka shiga? Akwai tiyatar da ake bi ta ƙashin bayan kunne wadda dama jin wannan ɓangaren yake tafiya gaba ɗaya, akwai wadda ake ƙoƙarin ceto shi. Sannan ka tuna waɗanda suka warke sumul yawanci sun kama harkokinsu, waɗanda abin ya wahalar su ne suka fi rubutu, ka ga kenan guruf ba ma'auni ba ne. Ka rubuta tambayoyin da ka samo can ka kai wa likitanka.

Sai kwanciya bayan tiyata. 'Yan uwa saboda tausayi su hana ka ko da tashi, alhali ƙwaƙwalwa sai da motsi take koyon tsayar da jiki da kunne ɗaya. Tafiya kaɗan-kaɗan da atisayen juya kai da ido da likitan fisiyo zai koya maka su ne magani, kuma dogon shan ƙwayar jiri yana jinkirta wannan koyon. Gajiya kam za ta yi watanni, ba lalaci ba ne.

Ido ma ana wasa da shi. Jijiyar fuska tana manne da wurin, in ta taɓu baki ya karkace ido ya ƙi rufuwa, mutane sai su damu da bakin su manta idon, shi kuwa in ya bushe yana iya yin gyambo. A riƙa ɗiga magani, a rufe shi da dare yadda aka nuna. Fuskar kan ɗauki watanni har shekara tana dawowa.

In bayan tiyata ka ga ruwa garau yana ɗiga ta hanci ko kunne, ko kana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro, balle da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, don Allah kar ka tsaya tambayar 'yan guruf ko mura ce. Yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa, asibiti kai tsaye.

Waɗanda aka gasa musu ƙarin da Gamma Knife, wato na'urar da ke harba haske mai ƙarfi kan ƙarin ba tare da yanka ba, su kuma su sani ƙarin kan ɗan kumbura a shekarar farko kafin ya lafa, da ma manufar a tsayar da girmansa ne, ba wai ya ɓace ba.

Jin da ya tafi da wuya ya dawo, gara ka daina jira ka tambaya game da na'urar CROS mai ɗauko sauti daga mataccen kunnen zuwa mai lafiyan. A irin wannan ne guruf yake da rana, can za ka ji dabarar zaɓen wurin zama a taro, da yadda wasu ke kunna fanka da dare don ƙarar kunne ta bar su su yi barci.