Yadda ake karanta rahoton kamfanin haƙar jan ƙarfe

Idan rahoton wata uku na kamfanin haƙar jan ƙarfe ya zo hannunka, fara da adadin tan da aka samar, sannan ka kwatanta shi da na irin wannan lokaci a bara, domin damina kan rage aiki a mahaƙai irin Kansanshi ta Zambiya. Daga nan ka duba yawan ƙarfen da ke cikin dutsen da aka haƙo, wanda a manyan mahaƙai sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya ragu, dole a niƙa ƙarin dutse, a sha ƙarin man dizal da lantarki, kafin a samu tan guda.

Kuɗin aiki kuwa ana bayyana shi da dala a kan kowace laba, ƙarƙashin alamar C1, kuma tan ɗaya kusan laba 2,205 ne. A nan ake yaudarar mai gaggawa, domin an riga an cire kuɗin zinariyar da aka samu tare da jan ƙarfen, saboda haka tsadar zinariya kan ɓoye tsadar aiki. C1 bai ƙunshi kuɗin sabunta injuna ba, don haka nemi adadin AISC, wato kuɗin aiki haɗe da na sabunta injunan, ka auna shi da farashin kasuwar ƙarafa ta Landan.