Yadda Ake Amfani da Niyasinamid a Fuska Ba Tare da An Ɓata Fata Ba

Niyasinamid nau'i ne na bitamin B3, kuma a jikin kwalba za ki ga an rubuta Niacinamide. Yana rage maiƙon fuska, yana taimaka wa fata ta riƙe danshinta, sannan yana sa tabon ƙuraje ya dushe sannu a hankali. Ba man bilicin ba ne, saboda haka wadda take neman ta yi fari ta bar kuɗinta a jaka.

Da farko, ki saya a rufaffiyar kwalbarsa daga kanti, ki duba lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da ranar lalacewarsa. Kada ki karɓi wanda aka ɗura a roba marar suna a kasuwar ƙauye, domin irin wannan haɗin sau da yawa akwai man bilicin a ciki. Haka kuma kada ki daka ƙwayar bitamin B ta kemis ki zuba a basilin don neman sauƙi. Ƙwayar sha daban, man shafawa daban.

Inda mafi yawan mata suke faɗuwa shi ne wajen farawa. Ki nemi mai kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, ko da mai shago ya nace cewa mai kashi 10 ya fi aiki. Ƙanwata ta sayo mai kashi 10 saura mako biyu bikinta, ta riƙa lafta shi safe da dare a kan fuskar da aka gama murza da dilka, kafin kwana huɗu kumatunta suka yi ja, suna raɗaɗi, ƙananan ƙuraje suka feso har gefen hanci. Ba man ne ya cuce ta ba, fatar ce ba ta huta ba. Don haka ki ɗiga ɗigo ɗaya a bayan kunne ko cikin hannu, ki jira kwana biyu. Idan babu ƙaiƙayi, ki fara da dare kawai, yau ki shafa gobe ki huta, har tsawon mako biyu. Wadda ta daina bilicin kwanan nan, ko fuskarta ta tsage da hunturu, ta bari sai fatar ta warke tukuna.

Wajen shafawa, ki wanke fuska da sabulu marar kaifi, ki tsane ta, ki shafa ɗigo biyu ko uku, sannan ki bi da man shafawa. Da hunturu ni man kaɗanya kaɗan na fi so. Da safe ki sa man kariyar rana mai lamba SPF 30, musamman idan za ki gona ko rijiya, in ba haka ba rana za ta mayar da tabon. Ki ajiye kwalbar a inuwa, nesa da zafin ɗakin kwano, kuma ki ba shi mako 8 zuwa 12 kafin ki yanke masa hukunci.