Yadda zaka hau dutsen Bagzan don tunawa da ɗan'uwanka da ya rasu

Idan kayi rashin wa ko ƙani, Allah ya jiƙan musulmi, zuciya taƙi kwanciya kana so ka fita kayi doguwar tafiyar ƙafa saboda shi, to shawarata ka nufi Abzin a jihar Agadez, dutsen Bagzan, ƙololuwarsa mita 2,022 ce, duk Nijar babu wanda ya kai shi.

Kaje tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da bazara kam wallahi rana sai ta gasa ka. Amma fa da dare sanyi har ƙashi, ka riƙe bargo da rawani.

Tun a Agadez ka tambayi hukuma batun tsaron hanya, sannan mota ta kai ka Tabelot garin lambunan albasa, can zaka samu Buzu ɗan jagora da jakin da zai ɗau kaya, don Allah kar kace kai kaɗai zaka shiga. Ruwa lita 4 zuwa 5 kullum, dabino, cuku, da takalmin da ƙafarka ta saba dashi ba sabo fil ba. A tashi bayan sallar asuba, rana ta take a nemi inuwa.

Ita tafiyar taka ce, abinda zai iske mamaci addu'a ne da sadaka, saboda haka ka sayi suga da ganyen shayi ka raba a ƙauyukan saman dutsen da sunansa. Banda rubuta sunansa da fenti a jikin dutse, ɓata wuri ne kawai.

Sabis na wahala a can, ka gaya ma su Mama ranar dawowarka kar ka ƙara musu wani tashin hankalin.