Yadda Ake Zaɓar Kejin da Ya Dace da Tsuntsun Gida

Yawancin masu sayen keji sukan fara duba kyansa da kuma kusurwar ɗakin da za su ajiye shi, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne tsuntsun kansa: girmansa, ƙarfin bakinsa, da yadda yake motsi. Tsuntsun da aka killace a keji a nan yake ci, a nan yake barci, a nan kuma yake shafe mafi yawan yininsa, saboda haka kuskuren da aka yi a ranar saye yakan bi shi shekaru, musamman aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda zai iya rayuwa fiye da shekara 40.

A fara da faɗi. Tsuntsaye sukan tashi ne daga gefe zuwa gefe, shi ya sa keji mai faɗi ya fi dogon keji siriri amfani, ko da dogon ya fi ɗaukar ido. Mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi shi ne tsuntsu ya iya buɗe fukafukansa gaba ɗaya ya kaɗa su ba tare da sun taɓa sanduna ba, kuma wutsiyarsa ba ta gogar ƙasa ko bango idan ya juya. A ganina, ya kamata faɗin ya kai ninki biyu na tsawon fukafukan a buɗe, domin da zarar an saka kwanon abinci da na ruwa da sandunan tsayawa, wurin da ya rage yakan ragu sosai. Kanari da ire-irensa, waɗanda tashi ne babban motsa jikinsu, su ne suka fi cutuwa a keji mai ƙunci. Idan tsuntsaye biyu ne za su zauna tare, sai a ƙara girman yadda kowanne zai samu inda zai kauce wa ɗan'uwansa.

Abu na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin sandunan keji, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ke jawo mutuwa. Idan tazarar ta yi yawa, tsuntsu yakan cusa kansa ciki ya kasa fitar da shi, sai ya firgita ya yi ta fizga har ya ji rauni ko ya shaƙe. Ƙananan tsuntsaye kamar kanari da bajeriga (wani ɗan ƙaramin tsuntsu dangin aku) suna buƙatar tazarar da ba ta wuce santimita 1.2 ba. Kokatil, wani dangin aku mai tukku da ya ɗan fi bajeriga girma, yana iya zama a wadda ta kai santimita 1.5, aku mai launin toka kuwa tsakanin santimita 2 zuwa 2.5. Wannan ne ya sa babban kejin da aka ƙera domin babban aku bai dace da ƙaramin tsuntsu ba, duk kuwa da yalwarsa. Ga dangin aku, waɗanda ke hawa da baki da ƙafa, yana da kyau wasu sandunan su kasance a kwance.

A guji keji mai siffar da'ira. Sandunansa sukan matse a sama inda suka haɗu, har yatsa ko gashin fiffike ya maƙale, kuma ba shi da lungun da tsuntsu zai fake idan ya tsorata.

Sai batun ƙarfen da aka yi kejin da shi, wanda ido ba ya saurin ganin haɗarinsa. Aku yakan ciji sanduna ya lashe su kullum, don haka duk abin da ke jikinsu yana shiga cikinsa. Wayar da aka lulluɓe da tutiya da tsohon fenti mai ɗauke da dalma dukansu guba ne ga tsuntsu, kuma alamominsu sun haɗa da kasala, amai, da rasa daidaiton tsayuwa. Ƙarfe mara tsatsa shi ne mafi aminci, ko da yake ya fi tsada. Bayansa sai wanda aka gasa masa fenti mara guba da ba ya ɓarewa. Duk kejin da ya fara tsatsa ko fentinsa ke zuba, a bar shi. Kejin katako ko na gora kuwa yana shan danshi da kashi, yana da wuyar wankewa, kuma bakin aku ba ya ɗaukar lokaci kafin ya huda shi.

A gwada ƙofa kafin a biya. Ta kasance hannu zai shiga ya fito da tsuntsu a kansa cikin sauƙi, kuma sakatarta ta kasance mai ƙarfi, domin aku yana lura da yadda ake buɗewa har ya koya. A tabbata akwai tire a ƙasa da ake zarowa, saboda kejin da ke da wuyar sharewa ba a share shi a kan kari.

Sandunan tsayawa da ke zuwa tare da keji galibi masu santsi ne kuma kaurinsu ɗaya, abin da ke sa ƙafa ta riƙa dannuwa a wuri guda har ta yi gyambo. A maye gurbin wasu da rassan itace marasa guba waɗanda ba a fesa musu maganin ƙwari ba, masu kauri daban-daban, yadda yatsun tsuntsu za su kama kusan kashi biyu cikin uku na reshen. Kada a ajiye kwanon abinci ko na ruwa a ƙarƙashinsu, don kada kashi ya faɗa ciki.

Tun kafin saye ya kamata a san inda kejin zai zauna, a auna wurin. A jingina gefe ɗaya da bango, a ɗaga shi daidai ƙirjin mutum, nesa da rana mai dukansa kai tsaye da iska mai kaɗawa. A nisanta shi da ɗakin girki ƙwarai, domin hayaƙi yana cutar da huhun tsuntsu, kuma tururin da tukunya mai shafin Teflon (abin da ke hana abinci kamawa) ke fitarwa idan ta yi zafi fiye da kima yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Wurin ya kasance wanda za a iya kashe fitila a samu shiru da dare, saboda yawancin tsuntsayen gida suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 12.