Katunan besbol na zamani: inda masu saye suke tafka kuskure da yadda za a gyara

A watan Maris na 2025 aka yi gwanjon wani katin besbol guda ɗaya mai hoton Paul Skenes, matashin da ke jefa wa ƙungiyar Pittsburgh Pirates ƙwallo, aka sallama shi a kan dala miliyan 1.11. Katin bai cika tafin hannu ba. A jikinsa akwai sa hannun ɗan wasan da ɗan ƙyallen da aka cire daga rigar da ya saka ranar da ya fara buga MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Wani yaro ɗan shekara 11 a yankin Los Angeles ne ya ci karo da shi cikin kwalin da aka saya masa, kamfanin Dick's Sporting Goods kuma ya saye. Irin wannan labari shi ke sa mutum ya ga kati na dala 300 a intanet ya ce ai araha ne. A ganina mafi yawan katunan zamani ba su kai kuɗin da ake neman su ba. 'Yan kaɗan sun kai, kuma masu asara galibi wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Babban kuskuren shi ne auna sabon kati da ma'aunin tsoho. Kowa a harkar ya san katin Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952, wanda aka sayar dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022, da na Honus Wagner da ake sakawa cikin kwalin sigari wajen 1909, wanda ya kai dala miliyan 7.25. Abin da ya ba waɗannan daraja shi ne a zamaninsu ba wanda ya ɗauke su dukiya. Yara ne ke wasa da su, su ɗaure su da roba, su cusa a aljihu, in sun girma iyaye su share ɗaki su zubar. Wanda ya tsira da kaifin kusurwarsa da hasken launinsa, sa'a ce ta tsirar da shi. Katin bana kuwa daga fitowarsa cikin fakiti yake shiga 'yar leda, daga leda sai gidan roba mai tauri, ko yatsa ba ya taɓa fuskarsa. Kowa na ajiya, kowa na jiran ranar da zai yi tsada, don haka ranar da ka fito da naka, dubban mutane ma sun fito da nasu.

An taɓa yin wannan a Amurka. Daga wajen 1987 zuwa 1994 kamfanonin Topps da Fleer da Donruss da Score da Upper Deck suka yi ta buga katuna ba kama hannun yaro, mutane suna saye kwali-kwali suna jibgewa da sunan kuɗin karatun 'ya'yansu. Yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya zo ya sanyaya wa jama'a gwiwa, kasuwa ta faɗi. Yau mafi yawan katunan wancan lokaci ba su kai kuɗin aika su ta gidan waya ba. Ko katin Ken Griffey Jr. na Upper Deck na 1989, wanda shi ne tauraron zamanin, ana samunsa ko'ina, sai wanda ya samu cikakken makin inganci, wato 10 cikin 10, ne kawai ke da kuɗin kirki. Gyaran a nan mai sauƙi ne, amma mutane na ƙyuyarsa. Kamfanonin tantance kati irin su PSA suna wallafa ƙidayar kowane kati da ya bi ta hannunsu da makin da ya samu, kyauta. Kafin ka taya, duba. In ka ga katin da ake ce maka da wuya a samu yana da 'yan uwa dubu goma masu maki 10, ka san ba wuyarsa kake biya ba, yayi kake biya.

Kamfanonin sun koyi darasi, sai suka ƙirƙiro ƙaranci da hannunsu, kuma nan ne kuskure na biyu yake. Ɗauki katin Bowman Chrome, wani samfurin Topps, na ɗan wasa ɗaya. Hoto ɗaya ne, amma ana buga shi kala-kala: mai walƙiya guda 499, shuɗi 150, kore 99, ruwan zinariya 50, ruwan lemo 25, ja 5, sai Superfractor wanda guda ɗaya ne tak. Ana buga lambar a jikin katin, misali 17/50, mai saye ya ga haka ya ji kamar ya riƙe abin da ba kowa ke da shi ba. Gaskiya ne guda 50 ne na wannan launi. Amma launukan sun yi yawa, kusan kowace shekara ana ƙara sababbi, kuma kamfani ɗaya yana fitar da samfura da dama a shekara, kowane da nasa jerin launuka da nasa "guda ɗaya tak". Fitaccen ɗan wasa yana iya samun irin wannan guda ɗaya tak masu yawa a kaka ɗaya.

Saboda haka lamba kaɗai ba ta isa ba. Tambayar ita ce, cikin duk katunan wannan ɗan wasa, wanne mutane ke nema? A besbol amsar ba ta cika canzawa ba: katin Bowman Chrome na farko, mai tambarin 1st Bowman da sa hannu, sai katin shekarar shigarsa babbar gasa mai tambarin RC a Topps ko Topps Chrome. Katin shekara ta huɗu ko ta biyar, ko da an buga masa 3/10, masu nemansa ba su da yawa. Duba sa hannun ma. Wani a jikin katin ɗan wasan ya rattaba, wani kuma a kan sitika ya sa hannu aka manna daga baya, kuma na farkon ya fi daraja. Katunan besbol na kamfanin Panini ba su da lasisin MLB, shi ya sa za ka ga an goge tambarin ƙungiya daga hula da riga, kuma kasuwa ba ta ba su kuɗin na Topps.

Inda kuɗi ya fi narkewa shi ne a kan yaran da ba su riga sun nuna komai ba. A farkon 2022 an sayi Superfractor na Jasson Domínguez, ɗan ƙungiyar Yankees, dala 474,000, alhali a lokacin yana ƙananan gasanni, ko sau ɗaya bai taka filin MLB ba. Ya shigo a watan Satumbar 2023, ya yi 'yan wasanni masu kyau, sai gwiwar hannu ta tashi aka yi masa tiyata. Wander Franco na Tampa Bay Rays ya fi kowa tashe a 2021, har ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara 11 a kan dala miliyan 182. Tun watan Agustan 2023 bai sake bugawa ba saboda shari'ar da ta taso masa a ƙasarsu Jamhuriyar Dominika, katunansa kuma suka zube warwas. Fernando Tatis Jr. na San Diego an dakatar da shi wasa 80 a 2022 saboda haramtaccen magani. Kai, ko Mike Trout, wanda sau uku yana lashe kyautar gwarzon gasa, kuma Superfractor ɗinsa na 2009 ya kai kusan dala miliyan 3.9 a 2020, raunuka sun hana shi sakat tun 2021, katunansa na gama-gari suka yi ƙasa.

Abin lura shi ne farashin katin yaro mai tasowa ya riga ya haɗa da duk nasarar da ake masa fata. In ya zama ɗan wasa mai kyau kawai, ba gagarabadau ba, katin faɗuwa zai yi. Mantle ya gama wasansa ya rasu, tarihinsa ba zai canza ba. Yaro ɗan shekara 19 kuwa jijiya ɗaya ce tsakaninsa da asarar kuɗinka, musamman masu jefa ƙwallo. In dole sai ka saya, kada ka saya a makon da aka kira shi babbar ƙungiya ko ranar da ya yi abin bajinta, lokacin ne dillalai ke sauke kayansu. Jira hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu da ba a wasa, hayaniya kan lafa.

Sai masu sayen rufaffen kwali da nufin riba, da masu shiga abin da ake yayi yanzu, inda dillali ke buɗe kwali kai tsaye a bidiyo, kowa ya biya kuɗin ƙungiya ɗaya, duk katin da ya fito na ƙungiyar ya zama nasa. Wannan cinikin biri a sama ne. Kuɗin kwali ya ƙunshi ribar kamfani da ta mai rarrabawa da ta dillali, kuma an rubuta ƙiyasin sa'ar samun manyan katuna a jikin fakiti ko a shafin kamfanin, ga wanda zai karanta. Wanda ke jin daɗin yage leda, to ya san kuɗin nishaɗi ya kashe. Wanda ke son katin Skenes ko na Shohei Ohtani, ya je ya sayi katin kai tsaye, ya fi masa araha nesa ba kusa ba.

Batun maki kuma yana da nasa tarko. PSA da Beckett da SGC da CGC suna duba daidaiton hoto a tsakiya, da kusurwoyi, da gefuna, da fuskar kati, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a gidan roba. A katin zamani tazarar kuɗi tsakanin 9 da 10 babba ce, sau da yawa mai 9 bai fi wanda ba a tantance ba da wani abin a zo a gani. Mutum ya sayi kati tsirara, ya biya kuɗin tantancewa da na aikawa, ya jira makonni, ya dawo da 9, uwar kuɗi ma ba ta fita ba. Kafin ka aika, sa katin ƙarƙashin fitila mai haske, ka karkata shi, ka nemi ƙarce da farin tabo a kusurwa. Kuma maki ba wahayi ba ne, mutane ne ke bayarwa. Katin farko da PSA ta taɓa tantancewa wani Wagner ne da ya samu 8, sai a 2013 dillalin gwanjo Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefunansa don su yi kyau. Duba katin da idonka, sannan ka shigar da lambar shaidar da ke jikin robar a shafin kamfanin, domin har gidan robar ana yin na jabu.

Kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne farashi ba. A shafin cinikin intanet na eBay akwai inda ake duba abin da aka sallama a zahiri, can za ka duba, ka ɗauki ciniki da yawa na kwanan nan, ba guda ɗaya da ya yi tsalle ba, don akwai masu sa abokansu su yi tayin ƙarya su ɗaga kaya. Kada kuma ka kafa hujja da farashin 2020 da 2021. Lokacin kullen korona ne, mutane na zaune gida da kuɗin tallafi, har PSA ta dakatar da karɓar mafi yawan katuna a ƙarshen Maris na 2021 saboda sun yi mata yawa, kantunan Target kuma suka daina sayar da katunan wasanni na wani lokaci bayan rigimar da aka yi kan katuna a wurin ajiye motoci na wani reshensu a Wisconsin. Daga 2022 katunan zamani da yawa suka sauko sosai. A watan Janairun 2022 ne kuma kamfanin Fanatics ya saye Topps, don haka hannu ɗaya ne yanzu ke yanke yawan katin MLB da za a buga.

A ƙarshe yi lissafin fita tun kafin shiga. La'adar eBay a kan kati tana wajen kashi 13 cikin 100, gidajen gwanjo kuma kan ɗora wa mai saye wajen kashi 20. Ka sayi kati dala 100, ya tashi ya kai 120, ka sayar: la'ada ta cinye kusan 16, kuɗin aikawa ya ɗauki 5, ka tashi da 99. Wanda ke zaune wajen Amurka kuma sai ya ƙara kuɗin jirgi zuwa da komawa da canjin dala, tunda kusan duk masu sayen katin besbol suna can ne ko Japan ko Kanada.