Ga sababbin zuwa Garwa: karaya mai rauni ba ta ɗori ba ce

Masauki ba ya gagarar Bahaushe a Garwa ta Kamaru. Ka gaida manyan unguwa da liman, kafin la'asar an nuna maka inda za ka shimfiɗa tabarma. Fulatanci kuwa kasuwa za ta koya maka. Masu ba ni ciwon kai su ne ku samarin da ke tsallakowa daga Mubi da Yola, sati guda da zuwa kun hau babur kuna kabu-kabu, ba lasisi, ba takardar zama, ko jaka goma ba ku ajiye don ranar tsautsayi ba.

In babur ya kayar da mutum har ƙashin ƙauri ya huda fata, a ranar za a nufi asibiti. Ban raina masu ɗorinmu ba, amma ƙashin da ya sha ƙasa sai an wanke shi a ɗakin tiyata, an yi allurar tetanus, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. In aka ɗaure shi da kara da tsumma, ruɓewa zai yi. Ƙarshenta likita ya yanke mataccen ƙashin, a bar giɓin santimita biyar ko goma, wanda ba ya haɗewa da kansa.

A nan ne wani zai nuna maka bidiyo a waya, wai Turawa sun yi maganin tsirar da ƙashi. Da ƙamshin gaskiya. A 1965 likitan Amurka Marshall Urist ya nuna cewa a cikin ƙashi akwai abin da ke sa jiki ya ƙera sabo, shi ne aka sa wa suna BMP. Amurka ta amince da wani nau'insa, BMP-2, a 2002 don aikin ƙashin baya, a 2004 don karayar ƙauri mai rauni. Jiƙa shi ake yi a soson kolajin, wato furotin irin na fata da jijiya, a ajiye a wurin. Akwai kuma saƙar kalsiyam fosfet, sinadarin da ke cikin ƙashi, mai ƙananan ƙofofi, wadda jijiyoyin jini da ƙwayoyin ƙashi ke bi su cika. Tsada gare su, kuma sai an kawar da mugunya tukuna. Duk wanda ya kawo maka su a kwalba, aljihunka yake nema.

Dabarar da ba ta buƙatar waɗannan kaya ita ce ta likita Bafaranshe Alain Masquelet, wadda ya fara a 1986. Tiyata biyu ce, ku riƙe wannan. A ta farko a cike giɓin da simintin likita. Cikin sati shida zuwa takwas jiki ya lulluɓe simintin da tantani mai fitar da sinadaran girman ƙashi da kansa. A ta biyu a cire simintin, a ɗebo ƙashi daga ƙugunka a zuba cikin tantanin. Akwai kuma ƙarfen Ilizarov, wanda ake kafawa a kewayen ƙafa, mai jan ƙashi milimita ɗaya kullum: giɓin santimita shida kwana sittin ke nan, kafin watannin jiran ya yi ƙwari.

Tsakanin tiyatar nan biyu mutanenmu ke ɓacewa. Wani yaro da jama'a suka yi wa karo-karo a masallaci, ciwo na lafawa ya koma gida da simintin a ƙafa, yana cewa ya warke. Karne ɗinsa, wato littafin asibiti, da hotunan ƙashi ya bar su a ɗakin mai babur. Da ya dawo yana ɗingishi, kuɗin karo-karo sun ƙare, aka koma gwaje-gwaje tun daga farko.

Don haka, ƙanina, tun kafin a fara ka tambayi likita kuɗin aikin duka biyun, a ajiye na biyun hannun dattijo. Faransanci ake yi a asibiti, ka je da mai ji. Ka ajiye sigari, tana hana ƙashi haɗewa. In an tura ka Yawunde, mota za ka shiga zuwa Gaundare sannan jirgin ƙasa, kuma jandarmomin hanya takardar zama suke tambaya ko da sanda kake dogarawa.